Tsakanin Mutum da Inji: Yadda Ake Shirya Allunan Kula da Manyan Na'urorin Bincike



Abin da aka ba mu mu yi magana a kansa yau ya shafi wani ɗaki wanda ba kasafai ake ɗaukar hotonsa ba idan ana tallar ci gaban kimiyya, watau ɗakin kula. Kowace babbar cibiyar bincike tana da shi. A can ne mutum uku ko huɗu ke zaune dare da rana, suna duban allunan kwamfuta, suna juya injin da tsawonsa ya kai mil da yawa, wanda kuwa ba su ganinsa da ido, ba su jin ƙararsa, ba su iya taɓa shi, domin yawancin lokaci shiga inda yake yana aiki halaka ne. Duk abin da suka sani game da injin nan, allon ne ya gaya musu. Duk abin da suke so ya yi, ta allon za su faɗa masa. Wannan mahaɗa ta mutum da inji ita za mu riƙa kira fuskar na'ura. Niyyarmu ita ce mu kwatanta hanyoyin da masana suka bi wajen tsara ta, mu kuma faɗi wadda muke ganin ta fi, da dalilinmu.

Kafin mu shiga kwatance, ya kamata mu san abin da ke faruwa idan fuskar ta yi ƙarya. Ran 28 ga Maris 1979, da misalin ƙarfe huɗu na asuba, aka sami matsala a tashar lantarki ta nukiliya da ke Three Mile Island a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Matsin ruwa ya hau, sai wani bawul ya buɗe don ya rage shi, kamar yadda aka shirya. Da matsin ya sauka ya kamata bawul ɗin ya rufe, amma sai ya maƙale a buɗe, ruwan da ke sanyaya tukunyar yana ta zuba. A bangon ɗakin kula akwai fitila ta wannan bawul, ta kuwa mutu, abin da ma'aikatan suka ɗauka alama ce ta ya rufe. Ashe fitilar ba bawul ɗin take kallo ba. An haɗa ta ne da wutar da ke ba shi umarni, saboda haka abin da take nunawa shi ne an ce masa ya rufe. Ko ya ji ko bai ji ba, ita ba ruwanta. Sa'a biyu da kusan minti ashirin ruwa yana tsiyaya kafin wani da ya shigo daga baya ya gane, ya rufe wani bawul na bayansa. A cikin 'yan mintocin farko ƙararrawa fiye da ɗari ta tashi. Na'urar da ke buga saƙonnin gargaɗi a takarda ta kasa bin yawansu, har ta koma tana buga labarin abin da ya wuce da daɗewa. Wata takardar gyara da aka rataya a bango ta rufe wata fitilar da ke nuna cewa hanyar ruwan gaggawa a rufe take. Kafin a shawo kan al'amarin, kusan rabin cikin tukunyar ya narke. Ma'aikatan nan horarru ne, ba barci suke yi ba, ba kuma buguwa suka yi ba. Bangon da ke gabansu ne ya ba su labarin da ba shi ne ba.

Irin wannan bango shi ne hanya ta farko, kuma mafi tsufa: kowane famfo da makunninsa, kowane awo da gejinsa, kowane da wayarsa da ta taho tun daga inji har ɗakin kula. Kada mu yi saurin raina ta. Tana da wani alheri da har yau ake kewarsa. Kome yana wuri guda kullum, har hannun ma'aikaci ya saba, ya kai ga maɓallin da yake so ko bai duba ba, kamar yadda direban da ya daɗe da mota ba ya neman giya da ido. Kuma wanda ya shigo ɗakin yana iya ganin halin da ake ciki tun daga bakin ƙofa. Aibinta shi ne ba ta girma. Idan inji yana da wuraren awo ɗari biyu, bango zai ɗauka. Idan ya kai dubu hamsin fa?

Wannan tambaya ce ta tsaya wa masu gina wani inji a cibiyar CERN, kusa da Janeba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa, a farkon shekarun 1970. Injin, wanda ake kira SPS, zobe ne a ƙarƙashin ƙasa mai kewayen kusan kilomita 7, aikinsa shi ne ya kori ƙwayoyin furoton da maganaɗisu har gudunsu ya kusa na haske. Ya fara aiki a 1976. Jawo waya daga kowane maganaɗisu zuwa ɗaki ɗaya ba mai yiwuwa ba ne, ko kuɗin tagullar ma ya isa ya hana. Sai aka rarraba ƙananan kwamfutoci a kewayen zoben, aka haɗa su da juna, aka ce ɗakin kula zai zama 'yan tebura ne kawai, kowane tebur yana iya zama na kowane sashe, gwargwadon abin da ma'aikaci ya kira. Wani injiniya mai suna Frank Beck shi aka ɗora wa tsara teburan, ya nemi taimakon abokin aikinsa ɗan ƙasar Denmak, Bent Stumpe. A 1972 Stumpe ya kawo shawarar gilashi mai jin taɓawar yatsa, wanda aka shimfiɗa wa siraran layukan tagulla da ido ba ya gani. Maɓallan da ke bayyana a kansa kwamfuta ce ke zana su, saboda haka sunayensu suna sakewa: ka taɓa "maganaɗisu", sai wasu sababbi su fito, ka taɓa ɗaya daga cikinsu, sai ka ƙara nutsawa, kamar mai bin reshen itace daga gindi zuwa ganye. Suka haɗa da wata ƙwallo da ake mirginawa don nuna wuri a allo, da marfi guda na murɗawa wanda ake iya ɗaura shi a kan duk abin da ake son ƙarawa ko ragewa. Duk wanda ke shafa gilashin wayarsa a cikin wannan zaure, to, ya san yana da dangi a can.

Amma fa an sayi wannan sauƙi da tsada. Bangon da yana nuna kome a lokaci guda, shi kuwa allon sai abin da ka nema. Abin da ba ka nema ba yana nan a ɓoye a bayan shafi na biyar, yana lalacewa ba ka sani ba. Tun daga ranar, duk gardamar da ake yi a wannan fanni a kan abu guda take: cikin dubban abubuwan da inji ke faɗi, wanne za a sa a gaban mutum, wa kuma zai zaɓa?

Amsoshi biyu ne suka fi yaɗuwa a cibiyoyin bincike na duniya, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Ta farko sunanta EPICS. An faro ta a ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, sa'an nan ɗakin bincike na Argonne, kusa da Shikago, ya shigo aka haɗa hannu, domin a lokacin suna gina wani babban zobe mai samar da hasken bincike. Bob Dalesio da Marty Kraimer suna cikin waɗanda suka kafa ta. Tunanin da ke ƙarƙashinta mai sauƙi ne ƙwarai. Duk wani abu da ake iya aunawa ko saitawa, zafin wani bututu ne, ko ƙarfin wutar wani maganaɗisu, ko buɗewar wani bawul, ana laƙaba masa suna nasa shi kaɗai. Kowace kwamfuta da ke cikin cibiyar, idan ta kira sunan nan, wanda ke riƙe da shi zai amsa, ya ba ta adadin, da lokacin da aka auna, da kuma ko lafiya yake ko da damuwa. Ba a damu da wane kamfani ya ƙera na'urar ba. Kamar kasuwa ce wadda kowane buhu an rubuta masa suna, ka kira a miƙo maka.

A kan wannan harsashi aka yi manhajojin zana allo. Wadda ta fi shahara a da ita ce MEDM ta Argonne, daga baya aka sami EDM daga Oak Ridge, sa'an nan CS-Studio da magajiyarta Phoebus, da caQtDM ta Suwizalan, da PyDM ta cibiyar SLAC a Kalifoniya. Dukansu hanyarsu ɗaya: a ba ka fili fari, ka jawo hoton geji ka ajiye, ka rubuta sunan awon da kake so ya nuna, ka jawo maɓalli, ka ja layi a matsayin bututu, shi ke nan ka yi allo. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Ma'aikacin dare da ya gaji da buɗe shafi uku don duba abu ɗaya yana iya zana nasa kafin gari ya waye. Wannan 'yanci ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ke kwana da inji ya fi kowa sanin abin da yake bukatar gani.

Sai dai 'yancin nan shi ne kuma ciwonta. Bayan shekara goma ko ashirin, sai a tarar cibiya ta tara alluna dubbai, kowanne da hannun wanda ya zana shi. Wannan ya sa ja yana nufin haɗari, wancan ya sa ja yana nufin wuta a kunne. Wani ya sa maɓallin kashewa a dama, wani a hagu. Wanda ya zana wani allo ya gama digirinsa ya tafi, an sake na'urar, allon yana nan yana kiran sunan da babu shi. Sabon ma'aikaci kuwa sai ya yi wata da watanni yana koyon, ba injin ba, halayen mutanen da suka zana allunan. Abin da ya ceci EPICS daga zama Three Mile Island ta biyu shi ne wasu 'yan ƙa'idoji da aka gina a cikinta. Kowane awo yana tafe da matsayinsa: lafiya, ƙaramar damuwa, babbar damuwa, ko kuwa ba a amince da adadin ba. A MEDM, idan hanya ta yanke tsakanin allo da na'ura, wurin sai ya koma fari fat, ba ya ci gaba da nuna tsohon adadi kamar kome lafiya. Al'adar masu amfani da ita kuma ita ce a ware suna biyu, ɗaya na abin da aka umarta, ɗaya na abin da aka auna, a jera su kusa da juna. Amma al'ada ce, ba tilas ba. Mai zane yana iya mantawa.

Kada kuma tsufan kamanni ya ruɗe mu. Cibiyar LIGO ta Amurka, mai hannuwa biyu na kilomita 4 kowanne, wadda ran 14 ga Satumba 2015 ta fara jin girgizar sararin samaniya daga karon wasu baƙaƙen ramuka biyu, da EPICS da allunan MEDM ake kula da ita a lokacin, alluna masu kama da na shekarun 1990. Kyan gani dabam, aiki dabam.

Amsa ta biyu daga Turai ta fito, sunanta TANGO. An fara ta a ƙarshen shekarun 1990 a cibiyar ESRF da ke Giranobul a Faransa, inda suke da zobe mai kewayen mita 844, daga baya cibiyoyin SOLEIL a Faransa, da Elettra a Italiya, da ALBA a Sifen, da wasu suka shigo. Su ba su yarda a wargaza inji zuwa dubban sunaye ba. Suka ce a ɗauki kowace na'ura sukutum, a matsayin abu guda mai hankalin kansa: famfo yana da abubuwan da ake karantawa a jikinsa, yana da umarnin da yake karɓa, yana kuma da hali guda da yake ciki a kowane lokaci. Halayen nan an ƙayyade su, goma sha huɗu ne ba ƙari, irin su a kunne, a kashe, yana motsi, yana jira, ya lalace, ba a sani ba, kuma kowane hali da launinsa da aka saba. Sunan na'ura kuwa kashi uku ne, yanki, da dangi, da ita kanta, kamar a ce gari, unguwa, gida.

Ribar wannan tsari ita ce, tun da na'ura ta san kanta, ana iya tambayarta ta bayyana abin da take da shi, kwamfuta ta haɗa allo nan take ba tare da kowa ya zana ba. An kawo sabon famfo da safe, kafin azahar yana da allonsa, kuma kamanninsa ɗaya da na sauran. Har wa yau, duk abin da ake iya saitawa a TANGO yana ɗauke da adadi biyu a haɗe, wanda aka nema da wanda aka samu. Watau darasin fitilar nan ta 1979 an dasa shi a cikin ginin, ba a bar shi ga tunawar mai zane ba. A ganinmu wannan ya fi. Amma allon da kwamfuta ta haɗa da kanta ba ta san abin da ya fi muhimmanci ba. Za ta jero maka abu arba'in a layi, zafin da zai iya ƙona na'urar yana na ashirin da bakwai, tsakanin lambar ƙira da ranar da aka yi gyara. Jeri ne irin na rajistar ofis, kome da kome daidai wa daida. Ga injiniyan da ya zo gyara, madalla. Ga mai tsaron dare, wahala. Saboda haka su ma masu TANGO suka koma suna yin kayan zane, irin su JDraw, da Taurus wadda aka yi a ALBA, su kuwa masu EPICS suka koma suna neman hanyar haɗa alluna daga samfuri guda don su yi kama da juna. Kowane ɓangare ya gangaro wajen ɗan'uwansa. Yau babban aikin ITER da ake ginawa a kudancin Faransa ya ɗauki EPICS, aikin hangen taurari na SKA da ke Afirka ta Kudu da Ostareliya ya ɗauki TANGO, kuma babu wanda za a ce ya yi wauta.

Akwai wata dabara ta uku da ta ba mu sha'awa fiye da duka, ita ce ta manyan na'urorin gano ƙwayoyi da ke kan zoben LHC na CERN, mai kewayen kilomita 27. Na'urori irin su ATLAS da CMS suna da wuraren awo da ba mai iya bin su ɗaya ɗaya. Sai aka tsara su kamar sarauta. Kowace ƙaramar na'ura tana kai rahoton halinta ga na sama da ita, shi kuma ya tattara na waɗanda ke ƙarƙashinsa ya kai gaba, har a kai ƙoli, inda ma'aikaci ke ganin akwati guda: a shirye, ko ba a shirye ba. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya kai fada. Idan wani abu ya ɓaci a can ƙasa, launinsa yana hawowa har sama, mutum ya bi shi yana buɗewa har ya isa inda ciwon yake. Umarni kuma ta nan yake sauka: a ce "ku shirya" sau ɗaya a sama, kowane sashe ya san abin da kalmar ke nufi a wurinsa, da abin da zai fara yi da wanda zai biyo baya. Ana iya kuma cire wani reshe a miƙa wa masu gyara, su yi ta aikinsu ba tare da sun dami sauran ba. Haɗarin wannan tsari duk wanda ya san aikin hukuma ya san shi: rahoto yana iya gyaruwa a hanya. Idan ƙa'idar da aka rubuta ta ce in kashi kaɗan ne suka mutu a ce lafiya, to, sama za ta ga kore alhali ƙasa ana ɓarna. Kuma reshen da aka cire don gyara aka manta ba a mayar ba, shiru zai yi, shirun kuwa ya yi kama da lafiya.

Ba za mu wuce ba sai mun ambaci masu cewa duk zanen nan wasan yara ne, a ba su wurin rubutu kawai. Masu bincike da yawa a tashoshin hasken zobe sun fi son su rubuta umarni da kalmomi, da tsohuwar manhajar spec ta shekarun 1980, ko sababbi irin su Bluesky ta Brookhaven da Sardana ta ALBA. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Gwajin da za a maimaita sau dubu cikin dare ba a yin sa da latsa maɓalli, kuma abin da aka rubuta yana nan a ajiye, gobe wani ya karanta ya san daidai abin da aka yi. Latsawa ba ta barin sawu. Sai dai rubutu na wanda ya riga ya sani ne. Baƙon da ya zo daga wata jami'a, aka ba shi kwana biyu kacal ya yi gwajinsa, ba shi da lokacin haddace kalmomi, kuma harafi ɗaya da ya kuskure yana iya tura na'ura ta yi karo da wata. Shi ya sa cibiyoyi da yawa suke ajiye duka biyun a kan tebur ɗaya.

To, jama'a, ko wace hanya aka bi, akwai wata cuta da ke kama su duka, ita ce yawan ƙararrawa. A zamanin bango, ƙara ƙararrawa ɗaya sai an sayi fitila an ja waya, saboda haka sai an yi tunani. A zamanin kwamfuta kyauta ce, kowane injiniya yana sa wa na'urarsa goma don kada a ce laifinsa ne. A 1994, a matatar mai ta Milford Haven a Birtaniya, ma'aikata biyu sun sami ƙararrawa 275 a cikin minti goma sha ɗaya na ƙarshe kafin wurin ya fashe. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Bayan wannan ne, a 1999, wata ƙungiyar injiniyoyi ta Birtaniya ta fitar da jagora mai lamba EEMUA 191, wadda ta ce a lokacin da kome ke tafiya daidai, kada ƙararrawa ta wuce kamar ɗaya a minti goma, in kuwa an shiga matsala, kada ta wuce goma a minti goman farko. A 2015 kuma aka fitar da ƙa'idar ISA-101 game da tsara fuskar na'ura a masana'antu. Salon da ya bi bayan waɗannan ya saɓa wa abin da ido ke so: bayan allo ya zama toka-toka, famfo da bututu su zama marasa launi, a ajiye ja da rawaya don matsala kaɗai, ta yadda ɗigon ja guda zai tsone ido daga nesa. A maimakon adadi tsirara, a nuna layin tafiyarsa na sa'o'in da suka wuce, domin 70 da ke hawa ba ɗaya take da 70 da ke sauka ba. Kada kuma a dogara ga launi shi kaɗai, a haɗa da siffa ko kalma, domin a cikin mazan Turai kusan mutum 1 cikin 12 ba ya bambanta ja da kore sosai. Manyan baƙi idan sun zo ziyara ba sa son irin wannan allo, sun fi son mai walƙiya da hoton wuta tana ci. Amma ba su ne za su kwana a gabansa ba.

Wani zai ce, mu da ba mu da zoben kilomita 27, ina ruwanmu? Gaskiya ne har yanzu babu zoben hasken bincike ko ɗaya a nahiyar Afirka, ko da yake tun taron da aka yi a Giranobul a 2015 masana suna ta fafutukar a gina. Mafi kusa da mu ta gabas shi ne SESAME a ƙasar Jodan, wanda aka buɗe a 2017, Masar tana cikin masu shi, kuma da EPICS ake kula da shi. Amma a nan gida akwai tukunyar bincike ta nukiliya a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004, aka kuma sake mata makamashi zuwa marar haɗarin sarrafawa ya zama makami a 2018. Gana ma tana da irinta. Ban da wannan, tashar lantarki, da matatar ruwa, da injin gasa ciwon daji a asibiti, duk ta allo ake juya su. Injin Therac-25 da ya ƙona marasa lafiya a Amurka da Kanada tsakanin 1985 da 1987, har wasu suka mutu, abin da ya nuna wa ma'aikaciya a ɗaya daga cikin haɗurran shi ne kalmar "matsala" da lamba 54, ba wani bayani, ita kuwa ta saba ganin irin waɗannan saƙonni kullum ba abin da ke faruwa, sai ta latsa a ci gaba.

Da yawa daga cikinmu nan gaba kaɗan za mu zauna a kwamitin sayen kaya, ko mu sa hannu a takardar karɓar aiki daga ɗan kwangila. Abin da muke roƙo shi ne, ranar da aka kawo injin ana nuna muku allonsa, kada ku tsaya ga kyansa. Ku nuna fitila guda ku ce: wannan, abin da aka umarta take nunawa ko abin da ya faru? Ku sa a zare waya ɗaya a gabanku, ku ga ko allon zai faɗa, ko kuwa zai ci gaba da nuna tsohon adadi. Ku tambayi yawan ƙararrawar da ke tashi a dare guda na lafiya. Ku tambaya ko ma'aikatanmu za su iya gyara allon da kansu bayan Baturen ko Basinen ya koma gida, ko kuwa sai an sake biyan kuɗin jirgi da otal duk lokacin da za a sake sunan famfo ɗaya. A nan EPICS da TANGO suna da wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye: dukansu kyauta ne, rubutun cikinsu a buɗe yake, ɗalibin da ke da kwamfuta ta hannu yana iya sauke su yau ya haɗa da ƙaramin ma'aunin zafi ya fara koyo. In kuwa da hali, ku sa a kira wanda zai riƙa aikin dare a zaunar da shi a kwamitin, ko da matakin albashinsa bai kai ba.

Shugaban Taro, a nan za mu dakata, mu bar sauran lokaci ga masu tambaya.